Tambaya da Amsa: Yadda nutron ke leƙa cikin ƙarfen injin jirgi

TAMBAYA: Malam, ni makanikin jirgin sama ne a Yamai. Na ji an ce ruwan farfelar da ke cikin wutar injin tsaba guda ce daga gindi har baki, kuma da nutron ake duba cikinta. Me ya hana a yi da eksire?

AMSA: Abin da ka ji haka yake, ɗan'uwa. Ƙarfe na yau da kullum tarin tsabobi ne manne da juna, kowace da inda jerin atam ɗinta ya fuskanta. In zafi ya kai digiri 1000 ga kuma ja, ta wajen haɗin tsabobin ƙarfen ke fara saki. Shi ya sa ake zubin ruwan farfelar ba tare da haɗi ba. Da kaki ake fitar da siffar, kamar yadda maƙeran Agadas ke yi, sai dai a gindin mazubin akwai murɗaɗɗiyar hanya wadda tsaba ɗaya tak ke iya haurewa, sannan a riƙa janye mazubin daga tanda sannu a hankali. Gamin da aka fi sani, CMSX-4, nikel ne da kusan kashi 9 cikin 100 na kobal da kashi 3 na reniyom, sai kuromiyom, alminiyom, tantalom da tangistan.

Zubi kuwa yakan ɓaci. Wata baƙuwar tsaba ta tsiro a kusurwa, ko wani sashe ya karkace da digiri kaɗan. A masana'anta da eksire ake auna fuskar jerin, amma hasken da ke dawowa daga fatar ƙarfen kawai yake fitowa, bai kai ko kashi ɗaya cikin 10 na milimita ba. Nutron, wani ƙanƙanin ɓangare na cikin atam, ba shi da caji, don haka yana ratsa santimita ɗaya ko biyu na wannan gamin ya fito da labarin ciki.

Ga yadda ake yi. Nutron yana da tsawon zango, kamar rediyo, kuma mai saurin gudu shi ne mai gajeren zango. A na'urar IMAT da ke cibiyar binciken nutron ta ISIS a Ingila, ana sakin nutron sau 10 a daƙiƙa, su yi tafiyar mita 56 kafin su iske samfur. Lokacin isowa shi ke faɗin zango: mai angistirom 4 yana ɗaukar kusan milisakan 57. (Angistirom kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na milimita.) Kyamarar da ke bayan samfurin tana rubuta wa kowane ɗigo adadin da ya ratso a kowane zango. Ana ɗauka sau biyu, da samfur da kuma babu shi, a raba na farko da na biyu. Wanda ya tsallake wannan, tabon kyamararsa zai riƙa karantawa a matsayin aibin ƙarfe.

Dokar Bragg ce makullin karatun: kowane shimfiɗin atam yana kautar da zango ɗaya, gwargwadon tazararsa da kusurwar da ya tari hasken nutron ɗin. In ka zana adadin da ya ratso a kowane zango, a ƙarfe mai tsabobi barkatai za ka ga zanen kamar tsani, inda a tsantsar nikel babbar matakalar ke kan angistirom 4.07. A tsaba guda kuwa ramuka ƙanana ake gani. Shimfiɗi mai tazarar angistirom 1.79 da ya tari haske a digiri 45, raminsa na kan 2.53; in ya karkata digiri ɗaya, ramin ya gusa da kusan 0.04. Ɗigon da raminsa ya bar na maƙwabtansa, nan zubi ya karkace.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da kusurwa ɗaya. Hoton jimillar duk kaurin ne, ba ya faɗa maka zurfin aibin, dole a juya samfurin a sake. Kobal da reniyom kuma suna shanye nutron, musamman masu dogon zango, sai hoton wuri mai kauri ya cika da ƙura, a ƙara sa'o'i ana jira.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce daga Tawa. Tunda muna da yuraniyom a Arlit, ba za a iya wannan aikin a gida ba? Kuma ƙarfen ba ya zama guba?

AMSA: Ƴar'uwa, yuraniyom na ƙasa daban, injin fitar da nutron daban. Nijar ba ta da irin wannan injin. Mafi kusa shi ne NIRR-1 na Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, amma kilowat 30 ne a lokacin, an gina shi don gane sinadaran da ke cikin samfur. SAFARI-1 na Afirka ta Kudu megawat 20 ne. Masu bincike takarda suke rubutawa su nemi kwanaki a ISIS, ko J-PARC a Japan, ko PSI a Suwizalan.

Batun guba kuwa, ɗan kaɗan daga kobal ɗin ciki yakan koma kobal-60 mai fitar da haske mai cutarwa, wanda sai bayan shekara 5 da wata 3 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Don haka jami'in kariya ke auna samfurin kafin a sake shi, kuma wanda ya daɗe a gaban haske yana iya zama a ma'ajiyar cibiyar, mai shi ya koma gida da alƙaluma kawai.