Kwano goma ba samfur ba ne

Ka ce kun wanke kwanon sarki goma na tsakuwa a bakin rafi, kun samu ƙwayar daimon uku, shi ne kake tambaya me zai sa a kashe kuɗi a kawo katafila a haƙa babban samfur, tunda ga shi ido ya gani. To ajiye wayar nan tukuna, yaro, ka ba ni kunnenka.

Kwanon sarki kusan sittin ne ke cika kubik mita ɗaya in an shafe bakinsa. Goman da kuka wanke ko kashi ɗaya cikin biyar na kubik ba su kai ba. Koma gobe ka ɗebi wasu goma taki biyu daga wurin, kana iya samun shida, kana iya tashi hannu wofi, kuma duka biyun ƙasar ba ta yi maka ƙarya ba. Daimon ba gari ba ne da aka dama a ruwa ya gauraya ko'ina. Ƙwaya-ƙwaya yake, nan ɗaya, can babu. Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Tsakuwar da ke ba da karat ɗaya a kowane kubik, wadda a nan yankin kogin Birim na Gana za a ce mai albarka ce, nauyin kubik ɗinta tan biyu ne ko sama da haka kaɗan. Ka ga kenan kana neman abu ɗaya cikin miliyan goma.

Lissafin da nake so ya zauna maka a ka shi ne na yawan ƙwaya. In ƙwaya 25 samfurinka ya bayar, kuskuren kiyasinka yana iya kai ashirin cikin ɗari sama ko ƙasa. In 100 ne, goma cikin ɗari. Sai ka tara 400 kafin ya sauko biyar. Daga nan ake sanin girman ramin da za a haƙa, ba daga aljihun mai kuɗi ba. Mu a Akwatia Allah ya sauƙaƙa mana ta wannan gefe, domin daimon ɗin Gana ƙanana ne, sai ka tara goma sha wani abu ko ashirin kafin su cika karat, saboda haka kubik hamsin zuwa ɗari suna ba ka ɗaruruwan ƙwaya. Amma je ka kogin Orange a Afirka ta Kudu, inda ake samun wuraren da rabin karat ne kacal a tan ɗari, ƙwayoyin kuma manya, karat guda ko fiye. Can sai ka wanke tan ɗari biyu kafin ka sa ran ƙwaya ɗaya. Mai son ƙwaya ɗari sai ya motsa tan dubu ashirin. Duk sunansu babban samfur.

Yadda ake haƙa ƙananan ramukan gwaji a jere don a san inda tsakuwar ta bi da kaurinta, wannan ba zan ɓata bakina a kai ba, ko ɗan da ya zo jiya ya gani. Abin da zan ce kawai, kada ka aza babban raminka a inda ƙaramin rami ya fi ba da ƙwaya don ka faranta wa mai kuɗi. Tsakuwar tudu daban, ta fadama daban, ta cikin kogi daban, kowacce da nata samfurin, ba a haɗa su a tuli ɗaya.

Tambayar taka ta tayar mini da wani aiki da har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Wani fili ne a gaɓar wani rafi da ke zuba a Birim. Ƙasar sama wajen mita uku, tsakuwar ƙarƙashinta ba ta kai mita ɗaya ba, sai dutsen gindi wanda ya ruɓe ya zama yumɓu mai santsi. Aka ba wani ɗan kwangila haƙan, aka yi wautar yin ciniki da shi a kan lodi, kowace tifa da kuɗinta. Tun daga nan aka ɓata. Wanda ake biya da lodi ba ruwansa da abin da ke cikin lodin. Maimakon ya yaye ƙasar sama ya ajiye gefe har sai fuskar tsakuwa ta fito fes, sai ya riƙa yankowa da rabin mita na jar ƙasa yana haɗawa. Lodi ya yi yawa, daimon bai ƙaru ba. Wannan ɗaya kenan, kuma da nan ya tsaya da da sauƙi.

Da aka kusa gindi ruwa ya ɓullo. Injin jan ruwa ɗaya ne, ƙarami, kullum wai ya lalace. Direban katafila ya riƙa zura cebur ɗinsa cikin ruwa mai kalar koko yana kwasowa a makance, da haƙoran suka ji santsin yumɓu ya ce an kai gindi. Yaron da aka ajiye ya kula da ramin, mai takarda ne kuwa, yana zaune a inuwa, takalminsa ko taɓo bai taɓa ba, ya rubuta an kammala. Ba wanda ya sauka. Aka wanke abin da aka kwaso, sakamako ya fito ƙasa da abin da zai biya kuɗin man inji, mai kuɗi ya naɗe tabarmarsa. Watanni na aiki, da hayar injuna, da haƙƙin ma'aikata, duk suka bi ruwa.

Damina ɗaya tsakani, sai ga mutanen ɗan kwangilar nan sun dawo filin da injin jan ruwa manya guda biyu. Suka tsotse ramin, suka sauka da shebur da tsintsiya, suka kankare taki ɗaya na tsakuwar da aka bari da saman yumɓun. Abin da suka kwasa a wurin, garin kowa ya ji labari. Ashe ruwa ba ya tsami banza, injin da ke lalacewa kullum lafiyarsa lau.

Ga dalilin da ya sa taki ɗayan nan ya fi duk abin da ke samansa. Nauyin daimon ya ninka na ruwa sau 3.52, farar tsakuwa da yashi kuwa 2.65 ne. Duk ambaliyar da ta motsa tsakuwar kogi, mai nauyi yana nitsewa yana bin tsakanin duwatsu har ya tarar da abin da ba zai iya wucewa ba. Sai ya maƙale a tsaga, a kwarmin dutse, a bayan babban dutse, ko ya lume cikin yumɓu. Don haka in ka kai gindi, ka tsotse ruwan har ka iya tsayawa da ƙafarka ka ga ƙasa. Ka shiga dutsen gindin santimita ashirin zuwa talatin in mai laushi ne. In kuwa mai tauri ne, a bi kowace tsaga da ƙaramin ƙarfe da burushi, a share kamar ana sharar ɗakin amarya. Abin da ya fito daga gindi a wanke shi daban da na sama, a rubuta daban, domin ranar da za a fara haƙa na gaske kana bukatar sanin ko tsakuwar sama ta cancanci wanki ko zubarwa za a yi.

Awo kuma a rami ake yinsa, ba a bayan tifa ba. Tsakuwa in an haƙo ta tana kumbura, kubik ɗari a ƙasa sai ya zama ɗari da ashirin ko da talatin a tuli. Wanda ya raba karat ɗinsa da ƙidayar lodi ya rage wa filin daraja da hannunsa. Safiyo, wato mai awon ƙasa, ya auna saman tsakuwa bayan an yaye ƙasa, ya sake auna gindi bayan an share, abin da ke tsakani shi ne kubik ɗinka. A ce ka samu karat 60, ramin kuma kubik 100 ne, sakamakonka 0.6 ne. Ka bi lodin tifa da ya nuna 125, sai ka rubuta 0.48, ka kashe filin da ke da rai. Bangon rami kuma a yi masa matakala, kada a yanke shi a tsaye kamar rijiya. In ya rufta ya gurɓata samfur, in da mutum a ciki kuma sai salati.

Wajen wanki, babban abokin gabarka yumɓu ne. In gangar wanki, wato gangar da ke juya tsakuwa da ruwa, ba ta murje shi ya narke ba, sai ya dunƙule kamar ƙwallon fura, ya mirgina ya ɗauki daimon a jikinsa ya fice tare da manyan duwatsun da ake zubarwa. Je ka wutsiyar gangar ka tsaya. Ka ga dunƙule, ɗauka ka fasa da hannu, ka rage abin da ake zuba wa injin, ka ƙara ruwa. Rariyar da ke can ƙasa, mai zubar da ƙanana, kuma ka san idonta ka rubuta shi. A nan in ka sa mai ido milimita biyu ka zubar da yawancin arzikin, domin ƙwayoyinmu da yawa ba su kai haka ba, milimita ɗaya muke sawa. Sakamakon da ba a faɗi idon rariyarsa ba, ba a kwatanta shi da na kowa. Kuma kowace safiya ka duba rariyar, ɓuli ɗaya kamar kan yatsa ya isa.

Ko jig kake amfani da shi, wato injin da ke girgiza tsakuwa cikin ruwa, ko babban faranti mai juyawa, ko injin da ke rarrabewa da ruwan garin ƙarfe mai kauri, aikinsu ɗaya ne, su ware masu nauyi. Kada ka yarda da kowannensu sai ka jarraba. Akwai 'yan ƙwayoyin gwaji masu launi da aka yi su da nauyin daimon daidai. Jefa hamsin a bakin injin ba tare da ka gaya wa mai tuƙa shi ba. In ƙasa da arba'in da takwas suka dawo, tsayar da aiki a gyara, a sake wanke abin da ya riga ya wuce. Tsakuwar Birim cike take da wani dutse mai ruwan ƙasa da ake kira sitorolait, wanda ya ɗan fi daimon nauyi, ga baƙin yashi, sukan cika gadon jig har daimon ya rasa wurin zama ya bi ruwa. A riƙa kwashewa a kan kari. Da ka gama samfur ɗaya, a wanke injin tas kafin na gaba ya shiga, in ba haka ba ƙwayar ramin farko za ta fito da sunan rami na biyu.

Teburin giris yana kama daimon saboda ruwa ba ya jiƙa fatarsa, sai ya manne sauran duwatsu su wuce. Sai dai wanda ya daɗe a kogi yakan yi tsatsa a jiki, ruwa ya kama shi, ya wuce abinsa. Abin da ya sauka daga teburin a busar, mutum biyu daban-daban su tsince shi da hantsaki.

Daga nan sai tsaro, kuma ba na jin kunyar faɗa, ko ɗan'uwanka ne kada ya zauna shi kaɗai da kwanon masu nauyi. Akwati mai kwaɗo biyu, makulli a hannun mutum biyu, leda mai lamba da hatimi. Ɓarna iri biyu ce, akwai mai cirewa akwai mai ƙarawa. Mai son sayar da fili yakan yafa ƙwayoyi a tulin samfur da dare. Ba sabon abu ba ne, a 1872 wasu mutum biyu a Amurka sun watsa daimon da suka sayo a wani daji suka yaudari manyan attajirai, sai da masanin ƙasa Clarence King ya je da kansa ya tona asirin. Maganin duka biyun shi ne ka tankaɗe daimon ɗin da ka samu girma-girma, ka ƙirga ka auna kowane rukuni. Ƙasa tana da tsari, ƙanana sun fi yawa, suna raguwa sannu a hankali zuwa manya. In ƙanana sun yi ƙaranci, injinka ne ke zubarwa. In manya sun yanke kwatsam, duba aljihu. In kuwa manya sun yi yawa babu ƙananan da za su raka su, ko siffarsu da launinsu ba irin na yankin ba ne, wani ya kawo maka baƙi.

Babbar ƙwaya ɗaya kuma kada ta ɗauke maka hankali. A yankin Kono na Saliyo an tsinci mai karat 968.9 a 1972, ba wanda ya ce kowane rami a Kono haka zai bayar. In irin wannan ta faɗo a samfurinka, yi lissafi biyu, ɗaya da ita ɗaya babu ita, ka nuna wa mai kuɗi duka. Farashi ma ba a yanke shi da karat ashirin. Ɗaruruwa ake tarawa kafin a fara magana, dubbai kafin a ci bashi a kai, kuma a kai wa masu kima fiye da ɗaya.

Gobe da asuba ka zo da takalmin roba da tef da littafi mai bangon leda. Rami na huɗu ya kusa gindi, kai za ka sauka.