Me Ya Sa Ɓacin Rai Kaɗai Nake Tunawa da Daddare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ga aikin yi, amma in na kwanta, abin da ya ɓata min rai kaɗai ke dawo min. Yaya zan koyi jin daɗin ƙananan abubuwa?
Wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Haka ƙwaƙwalwa take, ta fi riƙe abin da ya yi ciwo, shi ya sa baƙar magana ɗaya ke shafe gaisuwa goma.

Ki ajiye ɗan littafi da biro kusa da matashinki. Kafin barci ki rubuta abu uku da suka yi daɗi a yinin, kowanne da dalilinsa. Minti biyar ya isa. A binciken da Martin Seligman, masanin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2005, waɗanda suka yi haka na mako guda sun samu ƙarin walwala har bayan wata shida.

Inda ake kuskure shi ne rubuta "lafiya, iyali, aiki" kullum. Kwana uku ya zama hadda, zuciya ta daina ji. Ki kama abu takamaimai: "ƙanwata ta kira ni, muka yi dariya har da hawaye." Da rana kuma, in wani abu ya faranta miki, ki dakata kamar daƙiƙa 20 kafin ki ɗauki waya, don abin ya zauna.

In kin tsallake dare ɗaya, ki ci gaba kawai, ba bashi ba ne.

Amma in ƙuncin ya kai mako biyu, barci ya lalace, abubuwan da kike jin daɗinsu a da sun fita ranki, don Allah ki ga likita.