Sankara ta burma ƙashin bayan mahaifiyata, Kawu ya ce a kai ta ɗori

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 58 an yi mata aikin sankarar mama shekara biyu da suka wuce. Wata uku ke nan ciwon baya ya hana ta barci, hoto ya nuna cutar ta ci ƙashi ɗaya a tsakiyar bayanta har ya burma. Tun shekaranjiya ƙafafunta suka yi nauyi, sai an riƙe ta take takawa. Likitoci sun ce a yi aiki a sa ƙarfe, amma Kawu ya ce atafau, daji ba ya son ƙarfe, a kai ta wurin mai ɗori. Kaina ya kulle.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. A duk saƙonki kalmar da ta fi tayar mini da hankali ita ce "shekaranjiya". Nauyin ƙafafun nan alama ce ƙashin da ya burma, ko tsiron da ke cikinsa, ya fara danne laka, wato babbar jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin baya. Laka kuwa ba ta da haƙuri. Wanda ya zo mana yana takawa, ko da da sanda, galibi yakan ci gaba da takawa. Wanda ƙafafunsa suka mutu gaba ɗaya fiye da awa 48, da wuya su dawo. Saboda haka yau za ku koma asibiti, ba sai an gama taron dangi ba.

Aikin abu biyu ne. A buɗe wa laka hanya ta cire abin da ya danne ta, sannan a ɗaura kusoshi da sanduna na ƙarfen titaniyom a lafiyayyun ƙasusuwa na sama da na ƙasa, su ɗauke nauyin da ruɓaɓɓen ya kasa ɗauka. Idan ƙashin ya lalace ƙwarai, akan kwashe shi a cike gurbinsa da keji, wato ɗan abin tokare da ake sakawa a madadin ƙashin, ko simintin ƙashi. Wanda karayarsa ba ta taɓa laka ba, wani lokaci allurar simintin kaɗai ta wadatar, amma Hajiya ta wuce nan. Kafin aiki za a fara mata deksametason don rage kumburi, bayan rauni ya warke a yi gashi da na'ura, wato a ƙona tsiron da haske mai ƙarfi. Kuma in faɗa miki gaskiya, aikin ba ya warkar da sankarar. Yana rage raɗaɗi ne, ya tsare mata tafiya da riƙe fitsari da bahaya, ta iya kai kanta banɗaki ta yi alwala.

To, mu zo kan maganar Kawu, don kusan kullum sai na ji ta. Daji ba ya son ƙarfe, daji ba ya son allura, da an taɓa shi da wuƙa sai ya fantsama. Na san inda zancen ya samo asali. Mutum zai shekara yana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai cuta ta gama cin jiki a kwaso shi a kawo, a yi aiki, bayan wata guda ya rasu, sai a ce ƙarfe ne ya kashe shi. Babu mai lissafa shekarar da aka ɓata. Ki tambayi Kawu cikin ladabi: wane ƙarfe ne ya taɓa bayan Hajiya kafin cutar ta isa can? Ta jini ta bi, ita kaɗai. In ya ce ai aikin farko ne ya kora ta, to muna ganin mata da yawa waɗanda wuƙa ba ta taɓa kusantar mamansu ba, amma da karayar baya suka fara zuwa.

An ma gwada abin. A 2005 mujallar Lancet ta buga wani bincike daga Amurka kan majinyata 101 da sankara ta danne musu laka. Waɗanda aka yi wa aiki sannan gashi, kashi 84 cikin 100 sun iya tafiya. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, kashi 57. Da ƙarfe dafi ne, da lissafin ya juye.

Ɗori kuwa, ban raina masu yin sa ba, amma ɗori na ƙashin da zai iya haɗewa ne. Wannan kamar azara ce da gara ta cinye, me za a ɗora a kan me? Na karɓi mutanen da suka shiga gidan mai ɗori da ƙafafunsu, aka ja, aka danna, wani har aka taka masa baya, suka fito a tabarma. Bayan mako biyu a kawo mana su da robar fitsari da gyambon kwanciya, a ce Likita a taimaka. Shi mai ɗorin ya riga ya karɓi kuɗinsa da zakaransa, ya ce iska ce ta fi ƙarfinsa. Haka masu sakiya da ƙaho da masu lasifika a kasuwa da ke sayar da "maganin daji kowane iri". Addu'a da rubutu a yi, ba su hana aiki, amma hannu kada ya taɓa bayan nan.

Likitocinta za su duba ƙarfin jikinta da inda cutar ta kai kafin su yanke hukunci, za kuma su aika abin da suka ciro a gwada, don a ƙasar nan tarin fuka na ƙashin baya yakan yi kama da sankara a hoto. Idan inda kuke ba a yin aikin, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika da ke Zariya, ko na Sakkwato. A hanya ta kwanta a miƙe kan abu mai tauri, mutum uku su ɗaga ta lokaci ɗaya ba tare da bayan ya lanƙwashe ba, kada a zaunar da ita a Keke Napep. Ku tafi da hotunan duka, kuma ku tafi da Kawu, ya ji daga bakin likitan.