Muzurun gida ya koma yin fitsari a kan darduma

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da muzuru da na raina tun yana ɗan ƙarami, ya saba yin bukatarsa a robar yashi da na ajiye masa. Tun da muka tare a sabon gida ya canza, yau katifa, gobe jikin labule, har dardumar da nake sallah a kai. Sau biyu sai bayan na idar nake jin zarni. Maigida ya ce a sa shi a buhu a kai shi nesa a jefar, ni kuma har dukansa na yi amma bai daina ba. Yaya matsayin sallolina, kuma me shari'a ta yarda in yi da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: jikin kyanwa daban, fitsarinta daban. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha. Da ya ga Kabsha, matar ɗansa, tana kallonsa da mamaki, sai ya gaya mata cewa Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninku. Saboda haka gashinta, yawunta da ragowar ruwan da ta sha duk masu tsarki ne, matuƙar ba a ga najasa a bakinta ba. Idan muzurunki ya kwanta a darduma ya tashi, shimfiɗa ki yi sallarki.

Fitsarinsa kuwa najasa ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, fitsarin dabbar da aka halatta cin namanta, kamar akuya da saniya, mai tsarki ne, amma Shehu Khalil ya lissafa fitsari da kashin dabbar da aka haramta ko aka karhanta cinta a cikin najasa, kyanwa kuma tana cikin waɗanda aka karhanta.

Sallolin nan biyu ba su ɓaci ba. Gusar da najasa yana wajaba ne tare da tunawa da iko, ke kuwa ba ki sani ba sai bayan sallama. Abin da ake so shi ne ki sake idan lokacin sallar bai fita ba. In ya fita, babu komai a kanki. Akwai ma sauƙin da ya fi wannan: mai Risala ya ce wanda ya yi sallah a wuri mai tsarki na tabarma alhali akwai najasa a wani gefenta, babu komai a kansa. Idan fitsarin yana can bakin darduma inda goshinki, tafukanki, gwiwoyinki da ƙafafunki ba su taɓa ba, ko sakewar ma ba ta taso ba.

Wajen wanki, daɓen siminti ko tayil ana kwarara masa ruwa ne, kamar yadda Annabi (SAW) ya sa aka zuba guga ɗaya a inda baƙauye ya yi fitsari a masallaci. Darduma da labule ki wanke su da sabulu yadda kike so, amma ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwa zalla, har ki ga ruwan da ke fita ya fito garau, domin ruwan da sabulu ya canza yana fitar da datti ne, ba ya ɗauke hukuncin najasa. Zarnin da ya ƙi fita bayan kin yi iya ƙoƙarinki an yafe shi. In kina shakka ko ya taɓa wani tufafi, yayyafa masa ruwa sau ɗaya ya wadatar. Kada ki buɗe wa waswasi ƙofa ki riƙa bin ɗaki kina sansana kowane tsumma.

Duka kuwa ki bari daga yau. Dabba ba mukallafa ba ce, ba a rubuta mata laifi, kuma shari'a ba ta halatta cutar da ita ba sai da wata maslaha ta gaskiya. A nan maslahar ma babu. Muzurun da aka daka bayan awa ɗaya da yin fitsari bai san dalilin dukan ba, abin da ya koya kawai shi ne tsoron hannunki, tsoro kuma yana cikin abin da ke ƙara wannan matsala. Haka ma tura hancinsa cikin fitsarin da wasu ke yi. Ki roƙi Allah gafara a kan wanda ya wuce.

Maganar buhu ita ce ta fi damuna. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wani zai ce ai mu sakinsa za mu yi. To, muzurun da tun yana jariri a kwano yake ci, bai san farauta ba, a zazzage shi a bakin kwalta tsakanin motoci da karnuka, wannan ya fi kusa da halakarwa. Shari'a ba ta tilasta muku riƙe shi ba, kuma maigida yana da haƙƙin ya ƙi zama cikin zarni a gidansa. In kun gaza, ku ba wanda zai kula da shi. Ki gaya masa haka cikin ladabi, ki nemi ya ba ki makonni kaɗan ki gwada abin da ke tafe.

Kyanwa dabba ce mai binne bayan gidanta da kanta, ba ta barin yashi haka kawai. Ki tsaya ki kalli yadda yake yi. Idan yana tsugunawa yana yunƙuri, yana kuka, ɗigo kaɗan ke fita ko da jini-jini, wannan ciwon mafitsara ne, ki kai shi wurin likitan dabbobi. Idan kuwa yana ta yunƙuri babu abin da ke fita, kada ki bari ya kwana: hanyar fitsarin muzuru siririya ce, takan toshe, kuma hakan na iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Kada ki ba shi farasitamol, guba ce ga kyanwa ko da ƙwaya ɗaya.

In lafiyarsa ƙalau, duba robar. Ki kwashe ƙazantar kullum, ki canza yashin duk mako, ki nisanta ta da kwanon abincinsa da wurin hayaniya kamar kusa da janareto. Ki tabbata ba a bayan ƙofar da ake rufewa da dare take ba. Likitoci na cewa a ajiye roba ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya a kai, wato ke biyu za ki ajiye. Inda ya saba ɓatawa ki wanke sosai, don zarnin da hancinki ba ya ji, shi yana jin sa, kuma zarnin ne ke mayar da shi wurin. Ki guji Dettol da Izal a inda yake takawa, suna cutar da kyanwa idan ta lashi ƙafarta. Darduma kuma ki naɗe ta ki ɗaga da zarar kin shafa addu'a.

Labulen da kika ambata shi ya sa nake zaton wani abu. Idan a tsaye yake yi, ya juya wa bango baya, wutsiya a miƙe tana rawa, to alama yake sawa cewa gidan nasa ne, abin da muzurun da ya balaga ke yi a sabon wuri ko idan yana jin wasu muzurai a waje. Abin da ya fi rage wannan shi ne fiɗiya. Malamai sun yi saɓani a kanta: Shafi'iyya sun hana a dabbar da ba a ci, Hanafiyya sun ce babu laifi a yi wa kyanwa idan akwai amfani ko tunkuɗe cuta. Ni na karkata ga halacci a irin halinki, domin cutar aikin ɗan lokaci ta fi sauƙi a kan jefar da shi, da sharaɗin likitan dabbobi ne zai yi, bayan ya yi masa allurar barci, ba wani a tsakar gida da reza ba.

Wallahu a'alam.