Lemonka ba ƙishirwa yake ji ba: amsa kan kula da itatuwa daga damina zuwa bazara

Assalamu alaikum. Malam, sai da na karanta tambayarka sau biyu kafin in amsa, domin abin da ka bayyana ya taɓa samuna kusan sak. Ka ce shekara biyu ke nan da ka dasa lemo biyu, mangwaro ɗaya da gwaiba ɗaya, safe da yamma kana zuba musu ruwa, da damina suna nan shar, amma rani na shigowa sai ganyen lemon ya yi rawaya ya kama zuba, yanzu kuma har ƙaro ke tsattsafowa daga gindin ɗaya. Kana tambaya ko ruwan ne ya yi kaɗan, da kuma abin da ya kamata a yi wa itace a kowane lokaci na shekara.

Bari in fara da lemon, don shi ne ba zai jira ba. A ganina ruwa bai yi masa kaɗan ba. Inda kake zuba ruwan da yadda kake yawan zuba shi ne suka kawo wannan.

Nawa lemon yana shekara ta uku ya mutu. Na tara masa ƙasa a gindi don ina ganin hakan zai ƙara masa ƙarfi, kullum kuma a jikin kututturen nake juye bokiti. Ranar da na tone shi, na tarar ɓawon da ke cikin ƙasa ya yi baƙi ya yi laushi, da farce kawai nake ɓare shi, ga wani wari mai tsami-tsami yana tashi. Saiwoyin kuwa duk sun taru a sama, babu wadda ta nutsa fiye da taƙi ɗaya, tunda ruwan da nake ba su bai taɓa wuce nan ba. Daga baya na san cewa cutar da ke sa lemo zubar da ƙaro a gindi tana zaune ne a ƙasa mai jiƙa, masana suna kiranta Phytophthora, kuma ta fi samun shiga idan ɓawo ya daɗe cikin danshi.

Saboda haka yau ɗin nan ka durƙusa ka janye ƙasar gindin da hannu, ba da fartanya ba, har sai ka ga inda kututturen ya fara buɗewa manyan saiwoyi suka rabu. Nan ne wuyan itace, kuma a sarari ya kamata ya kasance yana shan iska. Ka kankare ɓawon da ya ruɓe da wuƙa mai tsafta har ka isa wuri mai lafiya, ka shafa maganin cutar tsiro mai sinadarin tagulla yadda aka rubuta a jikin kwalinsa. Idan ruɓar ba ta kai rabin zagayen kututturen ba, akwai kyakkyawan fata. Idan ta zagaye shi gaba ɗaya, gara in faɗa maka tun yanzu, ba zai tashi ba, domin ta ƙarƙashin ɓawon nan abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa.

Maganar ban ruwa ita ce gindin komai. Saiwoyin da ke shan ruwa ba a jikin kututture suke ba. Ƙananan ne kamar gashi, suna baje a daidai inda inuwar rassa ta ƙare har ma gaba da nan, yawancinsu a cikin santimita 30 zuwa 60 na saman ƙasa. To a can za ka yi 'yar ganuwa ta ƙasa ta zagaye itacen, ka sake yin wata ƙarama kusa da gindi don ta tare ruwa kada ya taɓa shi, sai ka riƙa cika tsakaninsu. Itace mai shekara biyu, ni bokiti biyu zuwa uku masu lita 20 nake ba shi a zuba ɗaya, sau biyu a mako lokacin zafi. Idan ƙasarka rairayi ce za ka ƙara yawan ranakun, idan laka ce ka rage. Kafin kowane ban ruwa ka tona kamar tsawon ɗan yatsa ka dunƙula ƙasar a tafin hannu. In ta haɗu ta yi curi, ka bar shi sai gobe ko jibi. Amma kada ka sauya masa tsari dare ɗaya, tunda saiwoyinsa sun saba da sama. Ka riƙa ƙara ruwan kana nisanta ranakun a hankali cikin mako biyu ko uku.

Sai zagayen shekara. Abin da shekaru suka koya mini shi ne, aikin da zai cece ka a wani lokaci, a lokacin da ya gabace shi ake yinsa. Itacen da ya sha wuya a bazara, tun a damina aka yi masa sakaci.

Farkon damina, bayan ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙa sosai, shi ne lokacin dashe da sa taki. In za ka ƙara dasa wani, ka yi rami mai faɗi ninki biyu ko uku na ledar da dashen ya zo a ciki, amma zurfinsa kada ya wuce na ledar. Zurfafa dashe yana kashe itatuwa da yawa, kuma a hankali yake kisan, sai bayan shekara biyu ko uku a rasa dalili. Takin dabbobi sai wanda ya ruɓe ya huce, ɗanye yana ƙona saiwa. Na zamani kuma, irin NPK 15-15-15, ƙaramin itace cikin hannu ɗaya ko biyu ya ishe shi, a barbaɗa a zagayen inuwa nesa da gindi, a raba shi kashi biyu ko uku cikin damina maimakon a zuba gaba ɗaya ruwa ya wanke. Ka yi hattara da yuriya, kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, kaɗan za ka zarce ka ga bakin ganye ya ƙone.

Ganye ma yana magana in ka iya sauraro. Idan tsofaffin ganye na ƙasa ne suka fara yin rawaya bai ɗaya, yawanci naitirojin ne ya yi ƙaranci. Idan sabbin toho ne suka yi fari-fari amma jijiyoyin ganyen suna nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma lemo yana yawan nuna shi a ƙasa mai kwanciyar ruwa ko mai yawan farar ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza, kafin ka sayi magani ka fara duba ƙasa.

Tsakiyar damina aikin bai da yawa amma ba a wasa da shi. Ka fasa ganuwar nan ka buɗe wa ruwa hanya, kada ya kwana a gindin itace. Ka cire ciyawa a zagayen kamu biyu daga kututture, don tana cinye takin da ka sa. In iska ta sa ka kafa wa dashe turke, ka ɗaure da tsumma mai laushi, sako-sako yadda zai ɗan yi lilo, domin lilon ne ke sa kututture ya yi kauri. Bayan shekara ɗaya ka kwance. Na sha ganin waya ta nutse cikin ɓawo ta shaƙe itace don an manta da ita.

Ƙarshen damina ne lokacin da na fi ba muhimmanci, kuma shi mutane suka fi bari ya wuce. Ƙasa na da sauran danshi, ga busasshiyar ciyawa da ganye ko'ina. Ka tara su ka shimfiɗa a ƙarƙashin kowane itace, kaurin santimita 5 zuwa 10, har zuwa bakin inuwa, amma ka bar taƙi guda tsakaninsu da kututture. Wannan shimfiɗa tana hana rana shanye ruwa, tana sanyaya saiwa, in ta ruɓe kuma ta zama taki. Ka gwada da kanka a tsakiyar zafi: sa hannu a ƙasar da ke fili, ka sa a ƙarƙashin shimfiɗar, za ka ji bambancin kamar ba gida ɗaya ba. Wasu suna gudunta saboda gara. Gaskiya ne gara na zuwa, shi ya sa ake barin wancan fili a gindi, kana leƙawa duk mako kana rushe duk ginin da ta fara a jikin ɓawo.

Da hunturu itatuwa suna rage gudu, kai ma ka rage ruwa ka ajiye taki. Mangwaro musamman yana buƙatar ɗan lokacin bushewa kafin ya yi huda. Wanda ake ta ɗura wa ruwa da naitirojin a wannan lokaci, ganye zai yi ta fitarwa ba fure ba. Naka dai yaro ne tukuna, in mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, zai iya fara huda tun yanzu, kuma shawarata ka tsinke ta bana, ko da zuciyarka ba ta so, ya ƙara shekara yana gina jiki. Ƙurar da ke kwanciya a kan ganye ka riƙa wanke ta da feshin ruwa da safe lokaci-lokaci. Kana yi ka juya bayan ganye ka duba. In ka ga ganye yana danƙo, baƙin abu kamar kunkunniya ya rufe shi, tururuwa na hawa da sauka, to darɓa ce ko 'yan uwanta masu tsotsar ruwan tsiro, tururuwar kuma zaƙin da suke fitarwa take bi har tana gadinsu. Ruwan sabulu mara ƙarfi ko man darbejiya ana fesawa da yamma, a maimaita bayan mako, yana maganinsu in an fara da wuri.

Yankan rassa kuwa, kowane itace da halinsa. Gwaiba a sabon toho take 'ya'ya, don haka rage mata rassa bayan an gama tsinka yana ƙara mata haihuwa. Lemo ba ya son aski mai yawa, ka cire busassu da masu taɓa ƙasa, da duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure, domin wannan na uwar gindi ne, in ka bar shi zai rinjayi na kirkin. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a shekara guda. Kuma ka yi amfani da zarto ko almakashi mai kaifi, adda tana tsaga reshe. Wani masanin itatuwa ɗan Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa yana bin yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu, ya nuna cewa itace killace rauni yake yi daga ciki, kuma ɗan kumburin nan da ke inda reshe ya haɗu da kututture shi ne ke rufe wurin. Don haka a gaban kumburin ake yanka, ba a aske shi. Fenti a kan yanka ma ba ya hana ruɓa, ka bar iska ta busar da shi.

Bazara lokacin tsaro ne kawai. Ba taki, ba babban yanka, ba dashe. Ban ruwa da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. Ƙaramin dashe ka yi masa 'yar rumfa ta ɓangaren yamma, inda rana ta fi duka. In ruwa na yi maka wuya, ka binne tukunyar ƙasa mara fenti kusa da bakin inuwa har wuya, ka cika ta ka rufe bakin, za ta riƙa tsattsafo wa saiwa a hankali. Shukokin da ke cikin tukwane su ne suka fi saurin galabaita, don ƙasarsu kaɗan ce kuma tana zafi ta kowane gefe. Su kam suna iya buƙatar ruwa kullum, ka matsar da su inda za su sami ranar safe kawai, ka tabbata kowace tukunya tana da huda a ƙasa.

In ka tone gindin lemon nan, Malam, ka gaya mini iya inda baƙin ya kai a zagayen kututturen, da kuma ko ƙasarka rairayi ce ko laka. Ɗayan lemon ma ka tone shi ko da bai nuna komai ba tukuna, tunda ruwa ɗaya suka sha. Allah ya raya maka su.