Duwatsun nan masu fuskar mutum na Ikom, kaburbura ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina yana bautar ƙasa a Kuros Riba, ya turo min hoton wasu duwatsu a tsaye cikin gona, kowanne da ido da baki har da gemu. Wai kaburbura ne? Kuma su wa suka sassaƙa su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Duwatsun da ka gani suna yankin Ikom ne, a ƙauyuka irin su Alok da Emangabe, masu wurin su ne mutanen Bakor, wani reshe na ƙabilar Ejagham, suna kiransu akwanshi ko atal. Kakanninsu ne suka sassaƙa su, ba wasu baƙi ba. Wani jami'in gandun daji Bature mai suna Philip Allison ya bi su ɗaya bayan ɗaya a 1961 zuwa 1962, ya lissafa 295. Wasu ba su wuce gwiwa ba, wasu sun kai tsayin mutum.

Toh maganar kabari, a nan mutane ke yawan kuskure. Dutsen yana da alaƙa da mamaci amma ba alamar kai ba ce irin wadda ake kafawa a maƙabarta, abin tunawa ne, a wajen mutanen Nta ma, wato ɗaya daga cikin dangogin Bakor, kowane dutse yana wakiltar wani sarki nasu da ya rasu, shi ya sa za ka ga an jera su a da'ira a tsakiyar tsohon gari inda ake taruwa, wato sarakunan da suka tafi suna nan a cikin taron.

Ka ƙara duba hoton da kyau, masassaƙin bai yi wa dutsen jiki ba. Sai ya samo baƙin dutse mai tauri wanda ruwa ya riga ya goge, ya bar shi da siffarsa, ya yi ta sara da guga har fuska ta fito, gemu mai tsini, baki a buɗe, hannaye a kwance kan ciki, sai ƙatuwar cibiya da zane-zane irin tsagar jiki. Ni wannan zanen ne ya fi ɗaukar min hankali wallahi, don ba za ka samu biyu iri ɗaya sak ba, kuma hakan ya dace da abin da masu wurin ke faɗa, cewa kowanne mutum ne sananne mai suna.

Shekarunsu kuwa har yanzu ana jayayya. Allison ya bi jerin sarakuna ya ce daga wajen ƙarni na 16 aka fara, shi kuma Ekpo Eyo, masanin kayan tarihi ɗan Najeriya, ya gwada gawayin da ya tono a Emangabe ya samu wajen shekara ta 200 miladiyya. Sai dai gwajin gawayi shekarun wutar yake nunawa, ba ranar da aka kafa dutsen ba.

Ka faɗa wa ƙaninka kada ya hau ko ya kankare su, masu wurin har gobe suna shafa musu farar ƙasa lokacin bikin sabuwar doya. Sun sha wahala ainun, ƙonan gona yana fasa su, ɓarayi kuma tun bayan yaƙin basasa suke sare kawunan suna kai wa Turai da Amurka, akwai wanda samansa yana gidan tarihi na Metropolitan a New York, gindinsa kuma aka gano shi a Ntitogo, ɗaya daga cikin wuraren da duwatsun suke, inda aka bar shi. Tun 2007 suna jerin jira na UNESCO, wato jerin wuraren da ake neman a sa cikin kayan tarihi na duniya.