Ziyarar Fas da Marakish a jirgin ƙasa cikin dogon hutu: tsoho zai iya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim. Mahaifina ya haura saba'in, ya sauke farali, burin da ya rage masa shi ne ziyarar Shehu Tijjani a Fas. Ni da ƙanena mun haɗa guzuri, amma ba ni da sarari sai dogon hutu, kwana goma cikin Agusta. An ce jirgin ƙasa yana ratsa tsofaffin biranen Maroko, muna so mu ga Tanja, Rabat, Miknas, Fas da Marakish. Zai yiwu? Mu dai jirgin da muka sani shi ne na Kano zuwa Nguru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi muku albarka, ya cika wa Baba burinsa.

Jirgin ba shi ne abin damuwarku ba. Daga cikin filin jirgin saman Kasablanka ma akwai jirgin ƙasa da zai kai ku tashar Casa Voyageurs, inda jiragen Fas da na Marakish suke tsayawa. Ku riƙe sunan nan, don garin yana da wata tasha, Casa Port, wadda baƙi kan ruɗe su nufa. Zuwa Fas kamar awa huɗu ne, Rabat awa ɗaya, Marakish wajen awa uku. Ku sayi tikitin ajin farko: mutum shida ne a ɗaki maimakon takwas, kuma bambancin kuɗin bai kai wahalar da zai ɗauke wa tsoho ba. Ku saya da kwana biyu ko uku kafin tafiya, domin Agusta ne lokacin da 'yan ƙasar mazauna Turai suke dawowa gida, taragai sukan cika.

Abin da ya kamata ku yi wa shiri shi ne rana da ƙafa. Lokacin da ruwa ya zauna a nan, gero ya fara fitar da kai, can babu ɗigon ruwan sama. Fas da Marakish suna nesa da teku, zafinsu yakan wuce digiri 40, irin na Haɗeja a watan Afrilu. Rana kuma doguwa ce, Magariba takan kai wajen ƙarfe takwas. Saboda haka birane biyar a kwana goma sun yi wa Baba yawa. Da ni ne, Tanja zan fara cirewa. Abin da ke jan mutane can shi ne Al Boraq, jirgin nan mai gudun kilomita 320 a awa da aka buɗe a 2018, amma wannan gudun tsakanin Tanja da Kenitra, wani gari arewa da Rabat, kawai yake yinsa, kuma hanyar ta kauce daga inda kuka nufa.

Ku kwana ɗaya a Kasablanka a huta gajiya, ku yi salla a Masallacin Hassan II da aka gama a 1993 a bakin teku, sannan ku miƙe Fas ku ba ta kwana huɗu, a ciki har da Juma'a, don Baba ya samu zikirin bayan La'asar a zawiya.

Tashar Fas tana sabon gari ne. Tsohon birni, inda zawiyar take, mota ba ta shiga. Lunguna ne matsattsu, jakai da alfadarai da masu tura kura ke ɗaukar kaya. In kun ji ana ihun “Balak!” ku raɓa jikin bango, dabba ce tafe da kaya. Yawancin baƙi ƙofar Bab Boujloud ake sauke su, daga nan gangara ce har tsakiyar birni. Gangarowa daɗi, komawa kuwa hawa ne da zai iya karya gwiwar dattijo. Ku ce wa mai tasi ya kai ku dandalin R'cif, wanda yake ƙasa, kusa da Masallacin Ƙarawiyyin da zawiyar, masauki ma ku nema a wannan ɓangaren. Ƙananan tasin Fas jajaye ne, fasinja uku kawai suke ɗauka, adadinku ke nan daidai.

Shehu Ahmad Tijjani ya rasu a 1815, kabarinsa yana cikin zawiyar, kuma za ku tarar da masu ziyara daga Sanagal da Mali da Najeriya, kewa ba za ta dami Baba ba. Ƙarawiyyin kuwa wata baiwar Allah, Fatima al-Fihri, ta kafa shi a 859, har yau ana karatu da sunansa. Kunnen Baba zai ji gida: mutanen can Malikawa ne, karatun Warshu suke yi irin na makarantar allo, kuma bayan Magariba da Asuba akan zauna a karanta izu ɗaya baki ɗaya. In da sauran ƙarfi ku leƙa majemar Chouara da sassafe kafin wari ya tashi. Fatun akuyoyin ƙasar Hausa da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da su, da sunan fatar Maroko aka sayar da su a Turai.

Miknas ba ta kai awa ɗaya daga Fas ba. Birnin Sarki Maulaye Isma'il ne, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Ɗayanku zai iya zuwa da safe ya ga ƙofar Bab Mansour ya dawo, ɗaya ya zauna da Baba.

Jirgin Fas zuwa Marakish yana komowa ne ta Rabat da Kasablanka, fiye da awa shida a zaune. Kada ku yi shi a tashi ɗaya. Ku sauka Rabat ku kwana, iskar teku ta huce muku, da yamma ku je hasumiyar Hassan, wadda aka bar gininta bai ƙare ba bayan rasuwar Sarki Yaƙub al-Mansur a 1199.

Marakish ita ce ƙarshen layin dogo ta kudu, kuma ta fi ko'ina zafi a tafiyar. Ba don dandalin Jemaa el-Fna da masu wasa da macizai nake ba ku shawarar zuwa ba. Irin Baba ba zai daɗe a wannan hayaniya ba. Dalilin shi ne Alƙali Iyal, mai Ashafar da ake karantawa a masallatanmu da azumi, a nan aka binne shi a 1149, kuma kabarin Imam Jazuli mai Dala'ilu ma yana garin. Kwana biyu sun isa: ku fita bayan Asuba, ku koma masauki kafin sha ɗaya, kada ku sake fitowa sai La'asar ta yi sakaliya. Amma wannan hukunci a Rabat za ku yanke shi. In kun ga Fas ta cinye ƙarfin Baba, ku ƙarasa kwanakin a bakin teku, daga Rabat filin jirgin Kasablanka ba nisa.

Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar Maroko, ofishin jakadancinsu yana Abuja, don haka ku fara neman ta tun kafin damina ta faɗi. In Baba yana shan maganin hawan jini ko na sukari, ku kai shi likita ya duba shi kafin ku sayi tikitin jirgin sama, ku faɗa masa irin zafin da za a shiga, maganin kuma ya zauna a jakar hannu tare da takardar likitan.